Zauren Iyali: Araha Ba Ta Ado Wajen Haɗa Na'urar Sanyi

 

Duk wanda ya zauna a Djougou ko Parakou ko garuruwan da ke kewaye da su ya san shekararmu tana da lokuta biyu masu gwada jiki. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu hunturu ne, da ƙurarsa da sanyin asubarsa mai hana tsoho rabuwa da bargo. Kafin a ankara kuma bazara ta kawo kai a watannin Maris da Afrilu, rana ta kama dukan kwanon rufi tun da hantsi, ɗaki ya koma kamar tanda, jarirai su kwana suna kuka, a fito da tabarmi tsakar gida. Zafin kuma ba raguwa yake yi ba. A farkon Afrilun 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, aka yi ta kai tsofaffi asibiti a Bamako, ga shi kuma abin ya zo a cikin kwanakin ƙarshe na azumin wannan shekarar.

Saboda haka ba ma ganin laifin magidancin da ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi fanka ko firji ko na'urar sanyaya ɗaki, wadda mutanenmu ke kira kilima. Abin da ya dame mu a yau shi ne yadda muke yin wata guda muna taya na'ura a kasuwa, amma ba ma yin ko da yini ɗaya wajen zaɓen hannun da zai haɗa ta.

Abin da ya faru a gidan wani dattijo

Wani dattijo ne mutumin Bariénou da ya daɗe da komawa cikin garin Djougou da iyalinsa. Ɗansa da ke neman kuɗi a Turai ya aiko da kuɗin kilima sabuwa fil, domin mahaifiyarsa mai fama da hawan jini ta riƙa samun barci a bazara. Aka kira wani ƙwararre ya duba ɗakin, ya faɗi kuɗin aikinsa da na kayan da za a saya. Dattijo ya ga abin da yawa. Sai ga wani yaro da ya yi 'yan watanni a shagon gyaran firji, ya ce zai yi aikin a kan rabin kuɗin, kuma kafin la'asar ya gama.

Makon farko kowa na sa albarka. Da aka shiga wata na biyu sai sanyin ya fara ja da baya, na'ura kuwa tana gurnani dare da rana ba hutawa, kuɗin da ake zuba wa mita na wata guda ya daina kaiwa rabin wata. Ruwa ya riƙa bin bango har fenti ya ɗaye. Wata rana da tsakar dare Hajiya ta ji ƙauri, aka tashi aka tarar soket ya narke ya yi baƙi, labule na rataye dab da shi. Allah ne ya kiyaye.

Da gari ya waye aka koma wa ƙwararren nan na farko. Ya hau ya duba, ya sauko ya durƙusa ya ce, "Baba, na'urarku lafiyarta ƙalau. Aikin ne ba a yi ba." Dattijo ya ce, "To, ɗana, nawa za a gyara?" Da aka haɗa lissafi, kuɗin gyara da na sabuwar waya da na gas ya zarce abin da aka guje wa tun farko, ban da wutar da aka yi watanni ana biya a banza. Hausawa sun riga sun faɗa: araha ba ta ado.

Sanyi daga rufi yake farawa

Kafin a yi maganar na'ura, a fara duba ɗakin. Kakanninmu fatake da suka riƙa ratsa Djougou da ayarinsu a kan hanyar Kano zuwa Gwanja neman goro ba su san wutar lantarki ba, amma sun san gini. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yakan riƙe sanyin dare har rana ta take, ya kuma riƙe ɗumin rana zuwa tsakar dare a lokacin hunturu. Haka gidajen ƙasa masu bene na Batammariba suke a arewa da mu, wajen Natitingou da Boukoumbé. Mu kuwa mun koma ga bulo na siminti da kwano, sau da yawa ba silin, ba bishiya, da ƙaramar taga guda ɗaya. Wanda ya kafa kilima a irin wannan ɗaki ɗibar ruwa yake da kwando, domin zafin da ke sauka daga kwano ya fi ƙarfin sanyin da na'ura ke fitarwa.

Maginin nan ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, wanda ya karɓi babbar lambar girmamawa ta Pritzker a 2022, ya yi suna ne da makarantar firamare da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001. Da tubalin ƙasa ya gina ta, ya ɗaga kwanon rufin sama da silin ta yadda iska za ta ratsa tsakaninsu ta kwashe zafi. Babu na'ura ko ɗaya, amma yara suna karatu cikin sauƙi. Darasin a fili yake ga mai gini a Bariénou ko Parakou. A sa silin, a bar ƙofofin iska tsakaninsa da kwano, a buɗe tagogi a bangaye biyu masu fuskantar juna, a dasa mangwaro ko dogon yaro ta yamma inda ranar la'asar ke duka. Idan kuwa ɗakin na kilima ne, a toshe ƙarƙashin ƙofa da tsagogin taga. Tun ran gini ran zane.

Fanka ma tana da ƙa'idarta

Mafi yawan gidajenmu fanka ce abin dogaro, kuma ita ce mafi sauƙin ci. Fankar sama tana cin wat 60 zuwa 75, kilima mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kuwa takan ci sama da wat 1,000. Ma'ana, wutar kilima ɗaya za ta juya fanka goma sha biyar. Sai dai a tuna fanka ba ta sanyaya iskar ɗaki, jikin mutum take sanyayawa ta hanyar busar da gumi. Barin ta tana juyawa a ɗakin da ba kowa asara ce kawai.

Wajen haɗawa, ƙugiyar da za ta ɗauke ta dole ta kama rodin dakali ko babban katakon rufi. Ba a rataye fanka a jikin allon silin da ƙusa ko lanƙwasasshiyar waya. Fukafukanta su yi nisa da ƙasa yadda dogon mutum ba zai taɓa su ba ko ya miƙa hannu yana sa riga, ko uba ya ɗaga yaro sama. Fankar da ke rawa tana ƙara kuwa gargaɗi take yi, a kashe ta a kira mai gyara.

Abubuwa shida da za a tsaya a kansu ranar kafa kilima

Magidanci ba sai ya zama injiniya ba kafin ya gane aiki mai kyau. Ya isa ya ɗauko kujera ya zauna ya sa ido a kan waɗannan:

Na ɗaya, girman na'ura ya dace da ɗaki. Ƙarama a babban falo za ta yi ta aiki ba hutu har ta gaji. Babba a ƙaramin ɗaki kuma za ta riƙa tashi tana mutuwa, ga tsadar saye ga cin wuta. Ma'aikacin kirki sai ya auna ɗaki, ya dubi rufi da inda rana ke faɗowa da yawan masu kwana a ciki, kafin ya ce a sayi doki ɗaya ko ɗaya da rabi ko biyu. Wanda ya faɗi amsa ta waya bai ga ɗakin ba, a yi hattara da shi.

Na biyu, mazaunin kan da ke waje. Aikinsa shi ne zubar da zafin da aka kwaso daga ɗaki, don haka yana bukatar inuwa da sararin shan iska ta baya da ta gaba. Idan aka matse shi a lungu, ko aka ɗora shi kan kwano cikin rana tsaka, ko kusa da murhu, zai ci wuta mai yawa ya ba da sanyi kaɗan.

Na uku, bututun jan ƙarfe da ke haɗa kai biyun. Kada ya yi tsawon da ba dalili, kada a karya shi wajen lanƙwasawa, kuma kowane ɗaya a naɗe shi da sosonsa tun daga farko har ƙarshe. Ramin da aka huda a bango a toshe shi, don kada zafi da ƙura da ƙadangaru su bi ta nan.

Na huɗu, kuma nan ne aka fi cin amana: zuƙe iska daga bututu kafin a saki gas. Akwai ƙaramin famfo na musamman da ake yin wannan aiki da shi, tare da agogon awo, kuma yana ɗaukar lokaci. Masu gaggawa sukan tsallake shi. Iska da laimar da suka rage a ciki su ne ke gurɓata man kwamfuresa, wato zuciyar na'urar, su kashe ta tun ba ta tsufa ba. Ma'aikacin da ya zo ba shi da wannan famfo, a ba shi haƙuri ya koma ya samo.

A nan ya kamata mu gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare. Gas ɗin kilima ko na firji ba ya ƙarewa kamar man fetur a babur. Zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu. Idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma galibi a bakin mahaɗar da ba a ɗaure da kyau ba ranar kafawa. Mai zuwa kowace bazara ya ƙara gas ya karɓi kuɗi ba tare da ya nemo yoyon ba, ya mai da gidanku gonarsa. Gas ɗin kuma iri-iri ne, ba a gauraya su. Tsohon nan R22 ana kan janye shi daga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda illarsa ga rufin sararin samaniya da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Sababbin na'urori suna amfani da R410A ko R32, firji na zamani kuma da R600a, wanda ke kama wuta idan ya sami tartsatsi. Sunan gas ɗin yana rubuce a jikin kowace na'ura, a sa yaro ɗan makaranta ya karanta.

Na biyar, bututun ruwa. Kilima tana tatsar laima daga iska, ruwan kuma dole ya gangara waje. Idan ba a ba bututun gangare ba, ko kan cikin ɗaki ya karkace, ruwa zai dawo ta bango. Ruwan nan a tara shi a bokiti a ba shuka, kada a bar shi ya kwanta ya zama gidan sauro.

Na shida, waya. Kilima tana bukatar layinta ita kaɗai tun daga akwatin wuta, da wayar jan ƙarfe ta gaskiya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ga na'urorin gida, da makatsar wuta tata, wadda ma'aikata ke kira dijonkta. Ba a jona ta a soket ɗin talabijin, ba a kuma ja mata wuta da wayar jone mai baki da yawa. A kasuwa akwai wayar da aka shafa wa launin jan ƙarfe alhali cikinta alminiyam ne; a kankare bakinta da wuƙa, idan ta yi fari a mayar. Gidan kuma ya kasance da wayar ƙasa da aka binne sandarta da kyau, da makatsa mai jin yoyon wuta ta miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta nan take idan ta fara bin jikin mutum. Inda wuta ke yawan rauni a nemi na'urar daidaita ta, kuma idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, a jira kamar minti uku kafin a sake kunnawa.

Inda wayar SBEE ba ta kai ba

A ƙauyuka da rugagen yankin Bariénou da sauran karkarar Donga, gidaje da yawa da farantin sola suke kunna fitila da fanka, wasu har da ƙaramin firji na sayar da ruwan sanyi. Nan ma haɗawa ce ke raba mai riba da mai asara. Mu muna arewa da tsakiyar duniya, don haka faranti kudu zai fuskanta, a ɗan kishingiɗe da kamar digiri 10 zuwa 15, yadda ruwan sama zai wanke shi ya gangara. Inuwar reshe ɗaya a gefensa takan rage ƙarfinsa sosai. Kada a manna shi a jikin kwano, a bar iska ta bi ƙarƙashinsa, domin zafi yana rage masa kuzari. A hunturu a riƙa goge ƙura da sassafe da tsumma mai laushi.

Tsakanin faranti da batir dole a sa na'urar daidaita caji, kusa da batir kuma a sa fis. Batir ɗin a ajiye shi inda iska ke shiga, ba a ƙarƙashin gadon da ake kwana ba. Mai sayarwa kuma ya faɗi gaskiya: faranti ɗaya da batir ɗaya ba sa ɗaukar kilima. Wanda aka yi wa wannan alkawari, batir ɗinsa ba zai ga damina biyu ba.

Ɗumin hunturu da ruwan zafi

Ba sanyi kaɗai muke nema ba. A hunturu tsofaffi suna son ɗumi, gidan da aka haihu kuma ruwan zafi na wankan jego ba ya yankewa har a yi arba'in. Hatsarin wannan ɓangare ya fi na bazara saurin kisa. Gawayi da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari. Mutum zai ji ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke shi, wani ba ya farkawa. Hayaƙin janareta ma haka yake. Kaskon wuta a ɗumama ɗaki da shi taga a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Janareta kuwa mazauninsa waje ne, nesa da taga, ko da ana tsoron ɓarayi.

Ƙarfen nan da ake tsomawa a bokiti don dafa ruwa, kada a taɓa ruwan yana jone, kada kuma a bar yara kusa. Mai halin sa tankin dafa ruwa a banɗaki ya tabbata an haɗa masa wayar ƙasa da makatsar da muka ambata, da bawul ɗin da ke sauke matsin ruwa idan ya yi yawa. Ruwa da wutar lantarki da ƙafa ba takalmi, haɗuwarsu ba ta yafiya.

Wa za mu kira?

Ƙasarmu ba ta rasa tsari ba. Akwai hukumar CONTRELEC da aka ɗora wa duba haɗin wutar cikin gidaje. Akwai takardun shaidar sana'a na CQP da CQM da matasa ke samu bayan koyo da jarrabawa, ban da bikin 'yantarwa da maigidan sana'a ke yi wa yaronsa idan ya ƙware. Tun 2018 kuma gwamnati ta kafa ƙa'idar mafi ƙarancin inganci da alamar cin wuta ga ƙwayayen fitila da na'urorin sanyaya ɗaki. Mai saye ya nemi wannan alama a jikin kwali, ya yi nesa da tsofaffin na'urorin da aka gama yayinsu a Turai aka jibge mana a tashar jirgin ruwa ta Kwatano.

Ba kunya ba ne a tambayi ma'aikaci wa ya koya masa, a je a ga gida biyu da ya yi wa aiki bara, a nemi ya rubuta ƙiyasin kaya da kuɗin hannu a takarda, a kuma yi sharaɗin zai dawo ya duba bayan wata guda. Idan ya cika waɗannan, a biya shi haƙƙinsa ba tare da an matse shi ba. Sau da yawa mu ne ke koya wa ma'aikata ha'inci, domin idan muka taya aiki ƙasa da kuɗin kayansa, daga jikin wayarmu da bututunmu za a cire ragowar.

Ku kuma 'ya'yanmu masu wannan sana'a, abin da kuka binne a bango ba mai gani, amma a ƙarƙashinsa mutane ke kwana. Dattijuwar da ta ba ku makullin ɗakinta ta ba ku amanar ranta ne. Sunan kirki a Zongo shi ne jarin da ba ya karyewa. Iyaye masu neman sana'ar da za su sa yaro kuma su dubi wannan fanni, su bar shi ya gama koyo kafin ya fara karɓar aiki da kansa.

Bayan an kafa, saura kulawa, kuma wannan aikin uwargida ne da yara. A cire rariyar kilima a wanke ta duk mako biyu, a hunturu ma fiye da haka. A tsayar da ita a digiri 25 ko 26 a haɗa da fanka. Sauke ta zuwa 16 ba ya gaggauta sanyi, hana ta hutu kawai yake yi. Firji a bar masa tazara da bango, a nisanta shi da murhu da rana, a duba robar ƙofarsa.

Hukumar makamashi ta duniya ta bayyana a 2018 cewa fanka da na'urorin sanyaya ɗaki suna cinye kusan kashi 10 cikin 100 na wutar lantarkin duniya. A nan gida an buɗe tashar Maria-Gléta mai megawat 127 a 2019, da tashar sola ta Illoulofin mai megawat 25 a 2022, don a rage dogaro da wutar da ake saya daga maƙwabta. Kowace na'ura da aka haɗa ba daidai ba tana zubar da wani kaso na wannan wahala, tana kuma ƙara nauyi a kan layin unguwa har fitilar maƙwabci ta dushe. Ɓarna ce, ko da mai yin ta bai sani ba.

Shawararmu ta ƙarshe ita ce kada a jira Maris. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun hunturu bai wuce ba, lokacin da ma'aikata ba su da cunkoso, a kira ƙwararre ya duba waya da ƙugiyar fanka da mahaɗar bututu. Dattijon nan na Bariénou haka yake yi yanzu kowace shekara, Hajiya kuma tana barcinta.

Allah ya kiyaye mana gidajenmu da iyalanmu, ya sa albarka a abin da muke nema.